Wa Ya Ke Da Dajin Bagudo?

Ya ku 'yan'uwa talakawa, manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, yau a kan itace za mu yi magana. Kada wani ya yi dariya ya ce jarida ta rasa abin faɗi. Duk wanda ya taɓa kwana a bakin hanyar da ta fito daga Tsamiya da Ka'oje ta hau gadar Tuga ya san abin da ke wucewa cikin dare. Mota bayan mota, wata da buhunan gawayi har sun fi ƙarfin bodi, wata da katako, wata da gumagumai an lulluɓe da tamfol. Daga dajinmu su ke fitowa, ba kuwa wadda ta taɓa komowa da wani abu da za mu nuna wa 'ya'yanmu mu ce ga abin da daji ya gina mana. Shi ya sa mu ke tambaya, dajin nan na wane ne?

Sai mun koma baya kaɗan kafin mu ba da amsa, domin yaran yanzu da yawa ba su san ƙasarsu ba. Tun kafin Bature ya zo Illo babban gari ne, ɗaya daga cikin manyan garuruwa uku na ƙasar Bargu, watau Busa da Nikki da Illo. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro da yawa ta nan su ke bi, su ƙetare Kwara da jakunansu, su nufi Jega da Sakkwato da Kano. Da me su ke ƙetarewa? Da jiragen da masassaƙan bakin kogi suka sassaƙa da gatari da gizago daga manyan itatuwan dajin nan. Ashe ke nan cinikin da ya ɗaukaka ƙasar a kan itace ya hau.

Mutanen da, Busawa da Kyangawa da Dandawa da Zabarmawa da Filani da Hausawa, kowa ya san aikin kowane itace kamar yadda ya san aikin 'ya'yansa. Maɗaci da kawo na jirgi ne da ƙofa. Ƙirya ta maƙeri ce, don ba gawayin da ya kai nata zafi, ita ce kuma taɓarya da ƙotar fartanya. Giginya ta ba da azara wadda gara ba ta ci, ta ba da muruci yara su ci da rani. Ɗorawa ta mata ce, daga kalwarta a ke yin daddawa, kaɗanya ma tasu ce, man kaɗe na miya da shafawa da fitila. Madobiya kuwa, wadda za mu komo kanta, in an sare ta sai ta zubo da jan ruwa kamar jini, ana magani da ita, ana turmi da kujera, kuma idan bazara ta yi tsanani ciyawa ta ƙare, ganyenta da na kawo makiyayi ya ke sassaro wa shanu su kai damina. Manomi in zai yi sabuwar gona ya kan sassabe kome ya bar ɗorawa da kaɗanya da tsamiya a tsaye. Ba wani Razdan da ya koya masa haka. Ku dubi ma sunayen garuruwanmu na kan iyaka, Tsamiya da Maje, duka biyu sunayen itatuwa ne.

Sai Turawa suka zo da rigimarsu. Cikin 1894 Kyaftin Lugga, wanda daga baya ya zama Gwamna, ya yi tsere da Faransawa zuwa Nikki don ya riga su samun hannun Sarki a takarda. Ya riga su ɗin, amma duk da haka da aka zauna a Faris ranar 14 ga Yuni 1898 aka raba Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Ba a daɗe ba kuma aka cire Illo daga Bargu aka haɗa ta da ƙasar Gwandu. Layin da aka ja a Faris ya ratsa daji ɗaya, ya ratsa dangi ɗaya. Mutum yana Tsamiya, kawunsa yana Segbana, a ƙasar da a ke kira Dahome a da, wadda ta koma Benin cikin 1975. Ba a tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba.

Da suka gama raba ƙasa sai suka juya kan itatuwa. A ɓangarenmu an yi dokar daji cikin 1916, aka sake ta cikin 1937, aka keɓe gandun daji, aka lissafta itatuwan da ba mai taɓa su sai da takarda, aka sa En'e ta riƙa karɓar kuɗin takardar, aka naɗa malaman daji. A ɓangaren Faransa dokarsu ta 1935 ta fi tamu fitowa fili, don ta ce dajin da ba kowa a cikinsa, ba shi kuma da mai shi, na Gwamnati ne. Ku ji fa! Dajin da mata ke tsintar kaɗe, Filani ke kiwo, maharba ke farauta, masassaƙa ke zaɓen itace tun kaka da kakanni, shi ne wai ba shi da mai shi. Da wannan hujja aka killace manyan dazuzzukan da ke bayan Segbana, irin su dajin Sota da dajin da su ke kira Koguna Uku. Ba mu ce duk abin da ke cikin dokokin nan mugu ne ba. Tanadin daji abu ne mai kyau. Muguntar ita ce tun daga ran nan mutumin gari ya zama ɓarawo a dajin kakansa, baƙo mai takarda ya zama mai gida.

Aka sami mulkin kai cikin 1960, muka ce to, yanzu za a gyara. Ina! Ofishin da ke yanke shawara kan dajinmu ya tashi daga Kaduna ya koma Sakkwato, cikin 1991 ya tashi daga Sakkwato ya koma Birnin Kebbi. Ya matso kusa, gaskiya ne, amma bai taɓa ƙetare kogi ya zo Illo ko Lolo ko Ka'oje ba. Cikin 1978 kuma soja suka yi dokar ƙasa wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna. Sunaye sun sake, hula ta sake, takardar tana nan yadda Bature ya bar ta.

Mun ga aikin takardar nan da idonmu. Wata rana da rani muna tsaye a wani shinge, ba za mu faɗi wanne ba, aka tsai da wani dattijo da jakinsa, ya ɗauko busasshen itace zai kai kasuwa ya sayi dawa. Aka sauke kayan, aka karɓe gatarinsa, ya durƙusa yana ta roƙo. Yana nan durƙushe sai ga gingimari ta taso da kaya har tana rangaji. Direba ko kashe mota bai yi ba, yaronsa ya diro ya miƙa abin da ya miƙa, aka ɗage sanda. Abin da ke cikin motar nan jakin dattijo ba zai kwashe shi cikin shekara ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Ba ma'aikacin da ke riƙe da sandar mu ke zargi ba, shi ma talaka ne mai jiran albashi. Tsarin da ya ajiye shi a wurin mu ke zargi.

Yanzu mu komo kan madobiya, don labarinta ya isa wa'azi. Masu kuɗi na ƙasar Sin suna son kujeru da gadaje na jan itace, irin na sarakunansu na da. Da irin wannan itacen ya yi ƙaranci a dazuzzukan Asiya sai dillalai suka gano madobiyarmu ta Afirka ta Yamma za ta iya maye gurbinsa. A bakin 'yan kasuwa sunanta kosso. Daga wajen 2010 abin ya kama kamar wutar daji, ya ci Gambiya, ya ci Benin maƙwabciyarmu, ya ci Gana, in itacen ya ƙare a nan ko an hana, sai a ɗauki inji a matsa gaba. Cikin 'yan shekaru Nijeriya ta zama kan gaba wajen aikawa da ita. Inda ta fi shan sara su ne Kogi da Taraba. A Taraba har suna aka sake mata, a ke ce mata Madrid, sunan wani birni a Turai. Garuruwa irin su Garba Chede suka cika da gumagumai da tireloli da injin zarto.

Kowa ya san yadda garin katako ya ke zama sa'ad da abin ke ci. Samari su bar gona, kowa ya sayi babur, mai tuwo ta ƙara tukunya, 'yan kamasho su yi ƙiba. Shekara uku ko huɗu sai inji ya yi shiru, dillali ya naɗe tabarmarsa. A bar gari da kututture da babura marasa mai, a bar makiyayi ba ganyen bazara, a bar kafinta yana sayen katakon da aka kawo daga kudu. Cikin Nuwamba 2017 wata ƙungiyar bincike da a ke kira EIA ta ba da rahoto cewa gumagumai fiye da miliyan 1.4 da aka sare ba bisa doka ba, waɗanda kuɗinsu ya kai dala miliyan 300, sun fita daga Nijeriya sun shiga Sin. Dala miliyan 300! A je a tambayi mutanen Garba Chede nawa ne ya zauna a garinsu. Tun Janairu 2017 yarjejeniyar duniya ta CITES, wadda ke lura da cinikin dabbobi da itatuwan da a ke tsoron ƙarewarsu, ta sa madobiya cikin waɗanda ba a fita da su sai da izini na musamman, cikin 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Cikin 2022 aka ƙara kawo da maɗaci cikin lissafin. Watau itatuwa uku da kakanninmu suka fi ji da su, sai da mutanen wata duniya suka taru suka yi mana kukan su. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da a ke yi.

Mu a nan abin da ya fi cin dajinmu kullum shi ne gawayi da sabuwar gona, kuma a wannan wurin tilas mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ba Basine ne ke toya kaɗanya ba. Ɗanmu ne, ƙanenmu ne. Ya sare itacen da uwarsa ke tsintar kaɗe a gindinsa shekara da shekaru, ya toya shi kwana kaɗan, ya sayar, kuɗin ya ƙare kafin kasuwa ta zagayo. Tun da aka janye tallafin mai cikin Mayu 2023 tsadar rayuwa ta kori gidaje masu yawa na birni daga gas da kananzir ta mai da su kan gawayi, don haka dillali ba ya rasa mai saye. Cikin masu karanta jaridar nan akwai masu sayar da gawayi da katako, mun san su, 'yan'uwanmu ne, ba kuwa cewa mu ke yi su bar sana'arsu ba. Amma don me yaron nan ya ke sara ba tausayi? Don ya san itacen ba nasa ba ne. In ya bar shi yau, gobe mai takarda zai zo da inji ya kwashe. Wanda aka gaya wa shekara ɗari cewa abu ba nasa ba ne, yaya za a yi ya tsare shi?

In an kai kuka ga Gwamnati maganinta ɗaya ne, a hana. Mun sha wannan magani mun san ɗacinsa. Cikin Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, cikin Nuwamba na shekarar aka hana kai mai garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mutanen Lolo da Tsamiya su za su ba da labarin yadda kasuwa ta mutu, da yadda mai ban ruwan shinkafa ya rasa abin zuba wa inji. Wanda ke da babbar mota da babban aljihu bai fasa wucewa ba. Cikin Agusta 2025 kuma aka wayi gari an hana fita da ɗanyen kaɗe waje har wata 6, a daidai lokacin da mata suka gama tara shi, kuɗinsa ya faɗi warwas. An ce don a riƙa sarrafa shi a gida ne. Niyya mai kyau, amma wa ya tambayi mai tsintar? In kaɗanya ta daina ba mace riba, wace hujja za ta kawo wa ɗanta ranar da ya ɗauki gatari?

Akwai wata hanya, ba kuwa daga Ingila ko Amurka za mu aro ta ba. Ga ta nan a Nijar, wurin 'yan'uwanmu masu jin harshenmu. Cikin Agusta 1992 suka yi doka wadda ta kafa kasuwannin itace na ƙauye. Ga yadda abin ya ke. A auna dajin da ke kewaye da ƙauye a danƙa shi ga mutanen ƙauyen. Su zaɓi kwamitinsu. Kowace shekara a ƙayyade yawan itacen da za a sara da yankin da za a sara, sauran a bar shi ya huta. 'Yan garin su ne masu sara. Dillali in ya zo daga birni ba ya shiga daji, a kasuwar ƙauye ya ke tsayawa ya saya, a nan kuma a ke karɓar haraji. A kasuwannin da aka fi tsarawa, rabin harajin nan a ƙauyen ya ke zama, sauran a raba tsakanin ƙaramar hukuma da baitulmali. Wanda ya je ya sara a dajin da ba a tsara ba harajinsa ya fi yawa, don a sa shi ya gwammace kasuwa. A ƙasar Gaya ma, wadda ba ta da nisa da Lolo, cikin shekarun 1990 an sa ƙauyuka cikin aikin tsaron giginyarsu wadda a ke yin azara da ita.

Sa'an nan ga Maraɗi. Bayan fari da yunwa na shekarun 1970 da 1980 gonakinsu sun zama fili fetal. Daga 1983 wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman wurin, suka lura kututturen da ke cikin gona ba su mutu ba, suna tohowa kowace shekara ana sassabewa. Sai aka ce a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Suka sa masa suna sassaben zamani. Ba kuɗi, ba ban ruwa, ba bikin dashen itace da manyan baƙi. Masana sun ƙiyasta an rayar da ƙasa wajen hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Abin da ya sa ya kama shi ne manomi ya sakankance itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, ba malamin daji da zai zo ya ci shi tara in ya datse reshe. Ƙasarsu ta fi tamu fari nesa ba kusa ba. Mu da ke da Kwara a ƙofar gida, me ya hana mu?

Wani zai ce in an ba ƙauye daji ai dagaci da 'yan kwamiti za su cinye. Ba mu musa ba. A Nijar ɗin ma an sami inda ma'aji ya ci kuɗi, an sami inda aka sara fiye da ƙa'ida. Amma ɓarawon da ke gari ɗaya da kai, wanda za ka gamu da shi a masallaci da wurin suna, ya fi sauƙin kamawa bisa ga wanda ke zaune a ofishin da ba ka san ƙofarsa ba. Sharaɗi dai shi ne kwamitin ya zama zaɓaɓɓe, a sa mata masu kaɗe a ciki, a sa Filani makiyaya, a sa masassaƙa da masu gawayin kansu, a kuma karanta lissafi da ƙarfi ranar kasuwa kowa yana ji. In an bar shi hannun masu rawani kaɗai, to an sake wa En'e suna ne kawai.

Akwai kuma abin da ba mu so mu faɗa amma tilas ne. Dajin iyaka ya zama abin tsoro. Cikin Nuwamba 2024 sojan Nijeriya suka ba da sanarwar ɓullar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi, cikin Afrilu 2025 kuma Gwamnatin Benin ta ce an kashe mata soja 54 a arewacin ƙasar, a lardin Alibori wanda ke jingine da mu. Ba mu ce kasuwar itace za ta kori mai bindiga ba, wannan aikin soja ne. Amma dajin da mutanen gari ke shiga kullum da sanin nasu ne, kowace sabuwar sawu sai an gan ta an ba da labari. Mutumin da aka saba kamawa don ya ɗauko itace ba zai je ya ce wa hukuma ya ga baƙi a daji ba, don tambayar farko da za a yi masa ita ce me ya kai shi.

Abin da mu ke nema ba ya bukatar zuwa Abuja, domin daji a hannun jiha ya ke. Majalisar Dokoki ta Birnin Kebbi tana da ikon yin dokar da za ta ba garuruwa dajinsu da rabonsu na haraji, a fara gwadawa da gari biyu ko uku a ƙasar Ka'oje da Illo, a ga yadda za ta kaya. A rubuta a fili cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa nasa ne. A hana injin zarto taɓa kaɗanya da ɗorawa, a kuma bar dattijo da jakinsa su wuce.

Kafin a kai can, akwai abin da kowa zai iya yi a wannan makon. Ran kasuwar garinku ku haɗu ku biyar ko goma, ku sami kansilanku cikin ladabi, ku tambaye shi takardar sara nawa aka bayar a dajinku bana, wa aka ba, nawa aka karɓa, ina kuɗin ya shiga. In ya ce bai sani ba, ku roƙe shi ya tambayo ciyaman, ku sa masa rana. Amsar da aka ba ku ku rubuto mana ita, ko da boko ko da ajami, za mu buga ta tare da sunan garin. Garin da aka hana amsa shi ma za mu buga sunansa.